Saƙon Ƙarfe Bakwai Daga Tsoho

Kun daɗe kuna tambayata a ƙasan rubutuna me ya hana ni ba Dogo amsa. Wata ma ta ce jan aji nake yi. 'Yar'uwa, da jan aji ne da na fi kowa jin daɗi. Yau zan faɗa muku abin da ya faru a makon nan.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, ni ce ƙarama a gidanmu, kowa Auta yake ce min. Mu biyu Umma ta haifa, ni da Yaya. Yaya ya rasu shekara ɗaya da wata takwas da suka wuce, ciwon ƙoda. Ya bar min ɗan ofishinsa a saman wani shagon magani, da shafukan intanet arba'in da uku na mutane da muke riƙe musu, tun daga makarantu har mai sayar da tayoyi. Duk shafukan nan suna zaune ne a cikin inji ɗaya, irin wanda ake kira sabar, baƙi, mai nauyin tsiya, a wani ɗan ɗaki marar taga da ke bayan ofis. Yaya ya raɗa masa suna Tsoho. Ɗakin sanyi gare shi kamar cikin firij, kuma fankar Tsoho ba ta taɓa yin shiru ba tun da na san wurin.

Dogo kuwa abokin Yaya ne tun suna makaranta. Shi ma aikin inji yake yi a wani babban kamfani. Bayan rasuwar Yaya da shekara ya ce yana sona, Umma ta yi murna, ni kuma na ce a ba ni lokaci. Ina sonsa, ba zan ɓoye muku ba. Mutum ne da in ya shigo falonmu sai ya sunkuyar da kai saboda ƙofa, ya zauna a gefen kujera kamar wanda ya zo neman aiki.

Matsalar ta fara ne daga babbar manhajar da ke tafiyar da Tsoho. Tsohon Linux ne a kansa, wanda Yaya ya sa tun ina sakandare, kuma masu shi sun daina aiko masa da gyara. Inji irin wannan gida ne da makullinsa ya lalace, masu kutse kuma ba sa barci. A watan jiya shugabar ɗaya daga makarantun ta kira ni rai a ɓace, wai an liƙa tallan caca a shafinsu, ƙarƙashin hoton yara. Na goge, na ba ta haƙuri, na san lokaci ya yi. Na sayi sabon inji. Saura in zaɓi abin da zan ɗora masa.

Ni a wurina abin a bayyane yake. Shafukan nan duk a kan Linux aka gina su, shi Yaya ya koya min, baƙin allo da farin rubutu. In sa sabon Linux, in kwashe komai na Tsoho yadda yake in zuba, yini ɗaya an gama. Amma Dogo ya kafe.

“Windows za ki sa, Auta. Komai a gabanki, ki danna nan ki danna can. In kin maƙale ga ni.”

“Shafi nawa a cikin arba'in da ukun nan ke buƙatarsa?”

“Ba wannan ba ce maganar.”

“To mece ce maganar? Sai na biya lasisi, sai na sake gyara kowane shafi, sati uku ban gama ba.”

“A dai fara da sabo fil. Kada ki kwaso tarkacen Tsoho.”

Abin ya ɗaure min kai, don Dogo ba jahilin inji ba ne. Ya fi ni sanin ni ce da gaskiya. Sati biyu yana turo min saƙo a kan maganar nan, har ranar da na sa sabuwar doguwar rigata mai ruwan zuma na turo masa hoto, amsar da na samu ita ce, “Ta yi kyau. Kin yi tunani a kan Windows ɗin?” Na jefar da wayar a kan gado.

Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ta ji labari ranar Lahadi da ta zo. Ba ta san Linux ba, ba ta san Windows ba, amma ta san gefen da take. Ta gyara mayafinta ta ce, “Namiji ya ce ga abin da za a sa wa ƙarfe, ke kina musu. In a kan ƙarfe ba ki yarda da shi ba, a kan gida fa? Ki sa masa abin da yake so ku wuce wurin, shekarunki ba jiranki suke ba.”

Na ce, “Goggo, ai ba injin zai aura ba.”

“Da injin ne da tuni ya amsa.”

Umma tana gefe tana shafa man zafi a gwiwarta.

Yanzu bari in faɗa muku abin da ban taɓa rubutawa a nan ba. Akwai wani aiki da Tsoho ke yi wanda ba na kwastoma ba ne. Wata ɗaya kafin Yaya ya rasu, da ya ga jikin ba na tashi ba ne, ya zauna a gadon asibiti da laftof ya rubuta wa Umma saƙonni a cikin wani fayil, kowane layi saƙo ɗaya. Ya sa layin waya a bayan Tsoho, ya umarce shi da kullum ƙarfe bakwai na safe ya ɗauki layi ɗaya ya tura mata. Umma ta sani, shi ya faɗa mata da bakinsa. Kullum bakwai saura minti biyar za ka ga ta ajiye kofin shayinta, ta ɗora wayar a cinya. Wayar ta yi ƙara, ta karanta, ta yi murmushi ko ta share ido, sannan gidan ya fara motsi.

Ni ban taɓa buɗe fayil ɗin ba. Na ce wa kaina ba nawa ba ne. Gaskiyar ita ce haushi nake ji. Ni na yi jinyarsa, ni na riƙe masa ofis, amma ko layi ɗaya bai bar min ba. Ina jin kunyar faɗin wannan, amma haka ne.

Ranar Litinin ina ɗaura ɗankwali a madubin falo, Umma ta miƙo min wayarta tana dariya. “Karanta, da ke yake yau.”

Na karanta. “Umma, ki ce wa Auta ta daina ɗora kofin shayi a kan Tsoho.”

Na yi dariyar yaƙe na mayar mata. Ina ɗora kofi a kansa, gaskiya ne, saboda saman akwatin da ɗumi, shayi ba ya hucewa. Amma ban tuna ko na fara hakan tun Yaya na raye ba. Duk hanyar ofis ina ta lissafi, na kasa tsayar da amsa.

Ranar Laraba saƙon ya ce, “Umma, yaya gwiwar? Ki rage hawa bene.”

Na sake karanta shi. Umma ta zame a banɗaki ne wata biyar da suka wuce. Lokacin Yaya ya fi shekara a ƙasa. Na dubi Umma, ita kuwa ta ci gaba da kurɓar shayinta kamar an ce mata ina kwana.

“Umma, ba ki ga wani abu a saƙon nan ba?”

“Na ga ana tambayar lafiyata. Ke yau kin tambaya?”

Ranar Alhamis hadari ya haɗu tun azahar, gari ya yi duhu kamar magariba. Mai shagon magani ya ja ƙofarsa rabi. Na shiga ɗakin Tsoho, na rufe, na ja kujerar roba na zauna a gaban allo. Ruwa na dukan kwano, fanka na gunji. Na yi bisimilla na buɗe fayil ɗin.

Layi na farko, “Umma, ina kwana. Kada ki bari Auta ta fita ba ta karya ba.” Na ci gaba da gangarawa. A layi na ɗari huɗu ya rubuta, “Umma, nan na tsaya. Ki yafe min.” Na lissafa, wannan layin ya kamata ya tafi tun wata takwas baya. Amma fayil ɗin bai tsaya ba. Akwai ɗari huɗu da ɗaya. Akwai ɗari biyar. Ya kai har ɗari shida da arba'in.

Na duba rajistar masu shiga injin. Sunana na nan, kamar yadda ya kamata. A tsakanin sunana kuma, duk ranar Alhamis, sunan Yaya. Da asusunsa, da mabuɗinsa, sati bayan sati.

Sai na tuna yau Alhamis.

Akwai umarnin da ke nuna wanda ke cikin inji a daidai lokacin. Haruffa uku ne kacal, amma sai da na yi kuskure sau biyu kafin na rubuta su daidai. Allon ya nuna min mutum biyu. Ni, da Yaya. Ya shigo minti huɗu da suka wuce.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon sunan nan ba. Na sake buɗe fayil ɗin, layukan sun zama ɗari shida da arba'in da ɗaya. Sabon ya ce, “Umma, sanyi ya shigo, ki sa safa.” Wallahi na ji kamar akwai mutum tsaye a bayana yana numfashi, irin tsayuwar da Yaya ke yi in yana duba ko na yi kuskure. Na kasa waiwayawa.

Abin da ya cece ni aikina ne. Duk wanda ya shiga inji, injin yana rubuta daga inda ya shigo. Na duba lambar. Ba daga wata ƙasa ba ce, ba daga wata unguwa ba. Daga intanet ɗin ofishina ne. Ko wane ne, yana cikin ginin nan ko yana jikinsa.

Na fito ofis, ba kowa. Na leƙa banɗaki, ba kowa. Na je taga na ɗaga labule. A ƙasa, a bakin titi, wata farar mota ce tsaye cikin ruwa, gilashinta ya yi hazo, da ɗan haske shuɗi a ciki. Na san motar.

Ko takalmi ban tsaya sawa daidai ba. Na sauka, ruwa ya jiƙe min hijabi sharkaf, na buɗe ƙofar gaba na shiga. Dogo na zaune da laftof a cinya, gwiwoyinsa sun tokare sitiyari. Bai rufe ba. Ya dube ni kawai, na ga kamar ma sauƙi ya ji.

“Tun yaushe?” na ce.

“Tun ranar da suka ƙare.”

“Wa ya ba ka mabuɗinsa?”

“Shi. A asibiti. Ya ce in layukan suka ƙare in shiga in kashe aikin, don kada ke ki sha wahalar yi.” Ya shafa fuskarsa. “Na zo nan, daidai wurin nan, don injin ba ya karɓar kowa sai ta intanet ɗin ofis. Na buɗe zan kashe. Sai na tuna gobe bakwai saura biyar Umma za ta ɗora waya a cinya. Na ce bari in ƙara layi ɗaya, ɗaya tak. Auta, ɗari biyu da arba'in ke nan.”

“Shi ya sa kake ta Windows, Windows.”

Ya sunkuyar da kai. “In sabon Linux kika sa, za ki kwashe komai har da aikin nan, in ci gaba har in mutu. In Windows ne, aikin ba ya bin ki da kansa, sai an sake rubuta shi. Sai mu ce wa Umma sabon inji ne bai iya ba. Ba laifin kowa.”

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. “Wato ka so in yanke muryarsa da hannuna ban sani ba. In yi sati uku ina wahala, in sa wa mutane arba'in da uku abin da bai dace da su ba, don kai ka kasa buɗe baki.”

“Haka ne.”

Da ya yi musu da na fi samun abin faɗa. Na zauna ruwa na ɗiga daga haɓata. Can na ce, “Kuma ka yi wauta. Gwiwa fa? Ya rasu bai san da gwiwa ba.”

“Na ga tana ɗingishi wata ranar Lahadi. Na manta da bakinsa nake magana.”

“Da maganar kofi. Har da tsokanata a ciki.”

Ya ɗago. “Wane kofi?”

“Na kan Tsoho. Saƙon Litinin.”

“Ban rubuta maganar kofi ba, Auta. Ni rabona da shiga ɗakin nan tun yana raye.”

Na ce ya manta ne. Mutumin da ya rubuta layi ɗari biyu da arba'in ai dole ya manta wani. Haka na ce masa, haka kuma na ce wa kaina, na fita na bar masa ƙofa a buɗe.

Washegari bayan saƙon safa ya shigo, na durƙusa a gaban Umma na faɗa mata komai. Na shirya ganin kuka. Sai ta ajiye wayar ta ce, “Miƙo min kalandar can ta bara.” Na ciro ta daga bayan kabad. Kowace rana da ɗan ɗigon biro, har zuwa wata rana da aka zagaye.

“Ɗari huɗu ya ce min. Kin zaci ban iya ƙirga ba? Ranar da ta biyo bayan wannan ban ɗora waya a cinya ba, na bar ta a ɗaki. Bakwai na yi sai na ji ta yi ƙara.” Ta mayar min da kalandar. “Ranar na ji tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Da yamma yaron nan ya zo gaishe ni, wayar na kan tebur, ya kasa kallonta. Sai na gane.”

“Kika yi shiru wata takwas, Umma?”

“Mutum na ɗauke da kaya saboda ni, in kunyata shi? Yayanki bai taɓa ce min in sa safa ba, shi sai tsokana. Wannan mai tausayi ne.” Ta riƙe hannuna. “Ki kashe, Auta. Ɗana ya yi min sallama tun a layi na ɗari huɗu. Ki sauke wa yaron mutane nauyi. Maganarku kuma ba zan sa baki ba, amma kin dai ji abin da na gani.”

Jiya Asabar na yi aikin. Sabon Linux na sa, kamar yadda na so tun farko. Na kwashe shafuka arba'in da uku, na gwada kowanne, na bar aiki ɗaya ban kwasa ba. Dogo ya zo da hantsi, ba laftof, ba waya a hannu, sai sukundireba, don mun yi da shi cewa in an kashe Tsoho zai ciro faifan ajiyarsa a goge, saboda bayanan mutane da ke ciki. Bai yi maganar aure ba, ni ma ban yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya zuba hannu a aljihu.

Wajen ƙarfe biyu na rubuta umarnin kashewa. Tun rasuwar Yaya ba wanda ya taɓa ba Tsoho wannan umarnin. Rubutu ya gudu a allo, fitilu suka mutu ɗaya bayan ɗaya, fanka ta ja numfashi ta tsaya. Ban taɓa jin ɗakin nan shiru ba. Har ƙarar agogon hannun Dogo nake ji.

Sai wayata ta yi ƙara a aljihun rigata.

Lambar Tsoho ce. Lambar da ba ta taɓa turo min komai ba. Na dubi Dogo, hannayensa na aljihu. Na dubi injin, a mace yake. Na sani sarai ana iya sa inji ya aika saƙo a lokacin da ake kashe shi, Yaya da kansa ya koya min. Duk da haka sai da na yi bisimilla kafin na buɗe saƙon.

“Auta, kin kashe shi ke nan. Na san ke za ki iya, Dogo ba zai iya ba. Kin zaci na manta da ke? Naki ya fi ƙarfin layi ɗaya. Yana cikin faifan, da sunanki. Ki karanta ke kaɗai kafin ki ba Dogo amsa. Kuma ki ɗauke kofin nan daga kaina.”

Kofin na nan a saman akwatin, inda na ɗora shi ɗazu ban ma sani ba, yana ɗan tururi. Na sa hannu na ɗauke shi. Hawaye ya hana ni ganin allon wayar, shekara ɗaya da wata takwas ina jin haushin mutumin da bai manta da ni ba.

Dogo ya matso da sukundirebarsa, ya durƙusa a gefen Tsoho. “Wane ne? Lafiya? In ciro faifan mu goge?”

Na kife wayar a ƙirjina, na shiga tsakaninsa da injin.

“Kada ka taɓa shi,” na ce. “Je ka jira ni a mota.”